Yadda za ka auna sabuwar ƙungiya a Formula 1 ba tare da surutun talla ya ruɗe ka ba

Tun da aka tabbatar Cadillac, motar kamfanin General Motors na Amurka, za ta shigo gasar tseren motoci ta Formula 1 a 2026 nake jin magana iri biyu a bakin mutanenmu masu bin tseren nan, kuma wallahi duk biyun ba su kwanta min ba. Wasu suna cewa ai Amurka ce, General Motors ce da kanta, kuɗi kamar ƙasa, shekara ɗaya ma ta ishe su su fara ba Ferrari wahala. Wasu kuma tun kafin taya ta taɓa kwalta sun gama yanke hukunci wai cike gurbi kawai suka zo yi a can baya. Akwai wani abokina da muke kallo tare, ranar da aka sanar da direbobinsu sai da ya tsayar da ni a bakin shago yana lissafa min da yatsu, Bottas ya ci tsere 10, Pérez ya ci 6, toh me ya rage? Na ce masa abin da ya rage shi ne motar, kuma motar ita ce kusan komai a wannan wasa.

Shi ya sa na ga bara in rubuta yadda ni nake bi in auna sabuwar ƙungiya, don abin yana damuna in ga mutum ya ɗora buri har sama, tsere uku kawai ya fara zagin mutanen da suke aiki dare da rana, ya daina kallo, alhali in da ya san inda zai duba da ya ga abin sha'awa.

Fara da tambayar: sabuwa ce da gaske ko fenti aka canza?

Wannan shi ne na farko kuma mutane da yawa a nan suke zamewa. A 2026 ɗin nan sunaye biyu ne sababbi, Audi da Cadillac, amma ba tafiyarsu ɗaya ba. Audi sayen Sauber ta yi, ƙungiyar da take tsere tun 1993, da masana'antarta a Hinwil ta ƙasar Suwizalan, da makanikai, da tireloli, da mutanen da sun san kowace kwana ta kowane fili. Sabon abu a wajensu shi ne injin da suke haɗawa da kansu a Neuburg. Ita kuwa Cadillac daga babu ta taso, hatta wanda zai ɗaure taya sai da aka nemo shi aka ɗauka aiki.

In wani ya kawo maka misalin Brawn GP ya ce ai a 2009 sabuwar ƙungiya ta zo ta cinye kambu a shekararta ta farko, ka tsayar da shi. Brawn ai Honda ce da ta janye a ƙarshen 2008 bayan ta gama zuba kuɗi a kan motar 2009, Ross Brawn ya karɓi gidan da ma'aikatan ya saka injin Mercedes, Jenson Button ya ci 6 a cikin tsere 7 na farko. Suna ne sabo, gidan tsoho ne. Red Bull ma haka, Jaguar ta saya a ƙarshen 2004, kuma duk da haka sai a 2009 ta fara cin tsere a China. Mercedes da ta sayi Brawn ɗin mai kambu a hannu ta dawo a 2010, ba ta ci tsere ba sai 2012. Ka ga waɗanda suka tarar da tukunya a kan wuta ma kenan.

In ka tabbatar sabuwa ce fil, toh da sababbi irinta za ka gwada ta.

Ka san waɗanda suka riga ta zuwa

A nan zan ɗan daɗe don tarihin nan shi ne maganin zuzutawa.

BAR a 1999. Kamfanin taba na British American Tobacco ne a bayansu, kuɗi ba magana, suka sayi gurbin Tyrrell suka gina sabon gida a Brackley, suka ɗauko Jacques Villeneuve wanda shi ne zakaran duniya na 1997, aka yi ta cika baki kafin a fara har da maganar cin tseren farko. Villeneuve bai kai ƙarshen tsere ba sau 11 a jere daga farkon shekarar, kuma suka gama kakar ba maki ko ɗaya, Minardi da ba ta da ko kwabo ma ta fi su. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne wannan gida na Brackley shi ne ya koma Honda, ya koma Brawn, ya koma Mercedes da ta ci kambun ƙungiyoyi sau 8 a jere daga 2014 zuwa 2021. Wanda ya yi musu dariya a 1999 bai yi ƙarya ba a kan abin da ya gani, amma bai ga ƙarshen labarin ba.

Toyota kuma ita ce amsar duk mai cewa babban kamfani ba ya faɗuwa. Ta shigo 2002 daga Kolon a Jamus, tana cikin masu kashe kuɗi fiye da kowa a lokacin, ta yi shekara 8, tsere 139, ta hau dandamalin ukun farko sau 13, amma ko sau ɗaya ba ta zo ta ɗaya ba har ta tattara ta fita a ƙarshen 2009. Kamfanin da motocinsa suka cika titunanmu fa, wanda kowane bakanike zai rantse maka da ƙarkon injinsa. Haɗa motar da za ta yi shekara ashirin tana jigila daban, haɗa wadda za ta rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kwana ɗaya daban.

Sai 'yan 2010, waɗanda su labarinsu har tausayi yake ba ni. An jawo su ne da alƙawarin za a ƙayyade kuɗin da kowa zai kashe a shekara zuwa fam miliyan 40, suka shigo a kan wannan lissafi, manyan suka ƙi yarda, dokar ba ta tabbata ba, aka bar su a tsakiyar kogi. US F1 ta Amurka da aka fi kowa yi wa talla har direba ta ɗauka, José María López ɗan Ajantina, amma motarta ba ta taɓa fitowa fili ba. HRT ta rufe bayan 2012 ba maki. Lotus da ta koma Caterham ta rufe bayan 2014 ita ma ba maki. Virgin kuwa ta zana motarta a kwamfuta zalla ba ta kai ta zauren gwajin iska ba, wato inda ake hura wa mota iska a ga yadda za ta ratsa ta, aka fara kaka sannan aka gano tankin mai ya yi ƙanƙanta, ba zai kai motar ƙarshen wasu tseren ba in ana gudu sosai, sai da suka nemi izini suka sake ginin motar. Ita ce ta koma Marussia, kuma sai a Monako 2014 marigayi Jules Bianchi ya zo na 9 ya samo musu maki 2 na farko, shekara ta biyar kenan. Graeme Lowdon da aka ba ragamar Cadillac yana cikin manyan wannan ƙungiya a duk waɗancan shekaru, kuma ni wannan yana ƙara min natsuwa da shi, don mutumin da ya ga yadda tankin mai yake kunyata ƙungiya a gaban duniya ba zai raina ƙaramin abu ba.

Haas a 2016 ita ce ta zo da dabara, ta ba Dallara na Italiya aikin gangar jiki, ta sayi inji da giya da duk wani abin da doka ta yarda a saya daga Ferrari. Ita ce ma'aunin da ya fi kusa da Cadillac, don ita ma da injin Ferrari da akwatin giyarta za ta fara kafin General Motors ta gama nata injin da aka tsara wa 2029.

Kar tseren farko ya yaudare ka

Tseren buɗe kaka a Melbourne wajen ƙarfe 5 na asuba yake kamawa a agogon Najeriya da Nijar, mutum ya tashi da ɗoki, ido duk barci, duk abin da ya gani sai ya ɗauka shi kenan haka shekarar za ta tafi. A'a. Tseren farko shi ya fi kowanne rikici, motoci suna lalacewa, direbobi ba su gama sabawa ba, kuma filin Albert Park da ma akwai haɗari.

Duba Haas. Romain Grosjean ya zo na 6 a Ostireliya a tserensu na farko a duniya, kuma abin da ya taimaka shi ne mummunan haɗarin Alonso da Gutiérrez da ya sa aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tsere, sai ya canza taya a lokacin ba tare da ya yi asarar daƙiƙa ko ɗaya ba. A Bahrain ya zo na 5, wannan kam da guminsa. Cikin tsere 4 na farko sun tara maki 22, kowa ya ce an samu sababbin gwanaye. A sauran tsere 17 maki 7 kacal suka ƙara, birki ya yi ta ba su ciwon kai, suka gama na 8 da maki 29, kuma duk Grosjean ne ya ci su. Toyota ma a tserenta na farko a 2002 Mika Salo ya zo na 6 ya samu maki, amma bayan karon da ya kwashe motoci 8 ne a kwanar farko.

Saboda haka ko sun yi abin mamaki ko sun ji kunya, ka ba su tsere 6 ko 7 a filaye mabambanta tukunna, mai dogon miƙe, mai kwanoni da yawa, mai zafi, mai sanyi.

Haka ma gwajin da ake yi kafin kaka. Kar ka kalli wanda ya fi sauri a allo, ba ka san man da ke tankinsa ba, kuma kilo 10 na mai kaɗai yana cin kusan kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a kowane zagaye, ga tayoyin Pirelli masu laushi da masu tauri ba saurinsu ɗaya ba. Yawan zagayen da suka yi za ka ƙirga. Kamar wanda aka sauke wa inji aka yi masa aiki ne, ranar farko da ya hau hanyar Kano zuwa Kaduna ai ba gudu yake nema ba, idonsa yana kan allurar zafi, kunnensa yana kan ƙarar inji, in ya isa ba tare da ya buɗe bonet ba ya gode Allah. Sabuwar ƙungiyar da ta yi zagaye ɗari a rana ɗaya ba ta tsaya ba ta fi min wadda ta buga lokaci mai kyau sau ɗaya ta koma gareji aka ja labule.

Lambobi uku da za ka riƙa rubutawa

Ni a wayata nake ajiye su, layi ɗaya kowane mako, ba ya cin minti biyar.

Na ɗaya, tazararsu a tseren share fage na ranar Asabar, wanda ake yi zango uku don fitar da inda kowa zai tsaya a fara tseren Lahadi, amma a kashi cikin ɗari za ka fitar ba a daƙiƙa ba, don wani filin gajere ne kamar na Ostiriya wani kuma dogo kamar Spa, daƙiƙa 2 a can ba daidai take da daƙiƙa 2 a nan ba. Ga yadda ake yi: a ce wanda ya fi sauri a zangon farko ya yi 1:20.0, wato daƙiƙa 80, motar Cadillac mafi sauri ta yi 1:22.4, wato 82.4. Ka raba 82.4 da 80, zai ba ka 1.03, tazarar kashi 3 kenan. Lokutan zangon farko za ka ɗauka duka biyun, don kwalta tana ƙara kamawa yayin da ake ta bi, in ka haɗa lokacin zangon farko da na ƙarshe ka zalunce su. Akwai dokar kashi 107, duk wanda ya wuce wannan iyaka a zangon farko ba ya shiga tseren Lahadi sai alƙalai sun yi masa rangwame, a misalinmu iyakar ita ce 1:25.6. Lola a 1997 ta zo Ostireliya da sunan MasterCard a jiki, motocinta suka gaza, wanda ya fi sauri ya ba su tazarar sama da daƙiƙa 11, ba su sake tsere ba. In tazarar tana raguwa daga wata zuwa wata, daga 3 zuwa 2.5 zuwa 2, toh ana aiki a gida ko da matsayinsu a allo bai motsa ba. Kuma ka lura yanzu motoci 22 ne, 6 ake zubarwa a zangon farko, ranar da motarsu ɗaya ta tsallake zuwa zango na biyu ba don ruwan sama ba, wannan rana ce ta murna.

Na biyu, mota nawa ta kai ƙarshe, kuma in ba ta kai ba me ya tsayar da ita. Karo da wani ya jawo ba laifin gida ba ne. Amma giya, zafin inji, ruwan birki, wayar lantarki, waɗannan na gida ne, kuma abin dubawa shi ne ko matsala ɗaya ce take maimaituwa. Sabuwar matsala kowane mako ga sabuwar ƙungiya ba abin tashin hankali ba ne, tsohuwar da ta ƙi warkewa ita ce.

Na uku, canjin taya. Manyan suna yi a daƙiƙa 2 zuwa 2 da rabi, McLaren ta taɓa yin 1.80 a Katar a 2023. Mutum wajen 20 ne suke taruwa a kan mota ɗaya kuma dole hannunsu ya zama ɗaya, wannan ba a sayensa sai an yi ta maimaitawa. Ba na mantawa da Ostireliya 2018, Haas tana shekararta ta uku, motocinta suna na 4 da na 5, Magnussen ya shiga canjin taya aka sake shi taya ɗaya ba ta ɗauru ba ya tsaya a gefen hanya, zagaye biyu bayan nan aka maimaita wa Grosjean irin wannan kuskuren sak. Kyamara ta nuna bakaniken a gareji ya dafe kai. Maki 22 suka tafi cikin 'yan mintuna.

Ka lura ban ce ka rubuta maki ba. Goman farko ne kawai suke samun maki, daga 25 na ɗaya zuwa 1 na goma, saboda haka motar da ta tashi daga ta 21 ta koma tana zuwa ta 13 ta yi gagarumin ci gaba amma a teburi sifili ne har yanzu. In maki kaɗai kake kallo ba za ka ga komai ba.

Maganar kuɗi da mutane

'Yan ƙwallo su suka fi faɗawa wannan tarko, don sun ga Manchester City da aka saya a 2008 ta ci Firimiya a 2012, sai su ɗauka nan ma haka ne. A da can ma kuɗi bai saya wa Toyota nasara ba, balle yanzu da tun 2021 aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe, an fara da dala miliyan 145, a 2026 ya koma 215 saboda an shigar da wasu abubuwan cikin lissafin. General Motors ba ta da ikon ta ninka na kowa ko tana so. Dala miliyan 450 da aka ruwaito sun biya ma ba na mota ba ne, kuɗin shiga ne da ake raba wa tsofaffin ƙungiyoyi 10 don za a riƙa raba ribar da ƙarin mutum ɗaya. Da ma ba da son ransu aka shigo ba, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta amince da takardar Michael Andretti, wanda shi ya fara nema wa wannan ƙungiya gurbi, a Oktoban 2023, masu harkar kasuwancin Formula 1 suka ƙi a Janairun 2024, sai da Michael Andretti ya ja gefe General Motors ta shigo da ƙarfinta sannan aka ba da izini na ƙarshe a Maris 2025. Ka lissafa, shekara ɗaya kenan cif kafin tseren farko.

Kuma injiniya ba kamar ɗan wasa ba ne da za a saya yau ya buga Asabar. In ka ɗauko shi daga wata ƙungiya sai ya zauna a gida wata da watanni kafin a bar shi ya fara maka aiki, don kar ya kwaso sirrin da ke da ɗumi. In ka ji an sanar da ɗaukar wani babba, ka tambayi yaushe zai fara, sannan ka ƙara shekara ɗaya kafin ka ga hannunsa a mota.

Abu biyu ne suke taimakonsu. Dokokin 2026 sababbi ne ga kowa, kusan rabin ƙarfin mota daga lantarki yake, fukafukai suna motsi, motocin sun ɗan rage girma da nauyi, kenan tsofaffin ma wani ilimin nasu ya tashi aiki. Sannan doka tana ba na baya lokacin gwajin iska fiye da na gaba, na ɗaya kashi 70 cikin ɗari na lokacin da aka ɗauka a matsayin ma'auni, na ƙarshe kashi 115. Wani abin da nake sa wa ido kuma shi ne rabuwar gidajensu, ga Fishers a Indiana, ga Silverstone a Ingila, ga aikin inji a yankin Charlotte, teku a tsakani da bambancin awa 5, in saƙo yana kwana a hanya za ka gani a jinkirin kawo sababbin kayan mota.

Direbobin kuma

Ɗaukar Valtteri Bottas da Sergio Pérez wasu sun ce tsofaffi ne, duk sun haura 35, duk ba su yi tsere ba a 2025, me ya sa ba a ɗauki matashi Ba'amurke ba. Ni ina ganin daidai suka yi. Bottas ya yi shekara 5 a Mercedes kusa da Hamilton, Pérez ya yi 4 a Red Bull kusa da Verstappen, sun san yadda mota mai kyau take a hannu, in suka ce gaba yana zamewa a tsakiyar kwana injiniya zai yarda motar ce ba direban ba. In ka sa sabon yaro a sabuwar mota aka yi jinkiri, wa za ka tuhuma? Colton Herta, Ba'amurken da ake ta kira, ai sun ajiye shi a matsayin direban gwaji sun tura shi Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, ya koyi filayen da tayoyin.

Ka riƙa gwada su biyun da juna. In tazararsu ƙarama ce kuma duk suna baya, iyakar motar kenan, kar ka zage su. Kuma in ka samu dama ka saurari abin da suke faɗa a rediyo lokacin tsere, ya fi hirar da suke yi da 'yan jarida gaskiya nesa ba kusa ba.

Ni abin da na rubuta a saman shafina na shekarar farko shi ne su shiga kowane tsere ba tare da dokar 107 ta taɓa su ba, motoci biyun su riƙa kaiwa ƙarshe a mafi yawan lokuta daga tsakiyar kaka, tazarar Asabar ta ragu a fili tsakanin Maris da Disamba, in an samu ranar ruwa ko ranar rikici su kasance a kusa su tsinci maki ɗaya ko biyu. Abokin nan nawa ya ce na rage musu daraja, shi dai dandamali yake jira kafin shekara ta ƙare. Na tuna masa Haas ta yi kaka goma daga 2016 zuwa 2025 ba ta hau dandamalin nan ba ko sau ɗaya, mafi kyawun shekararta ita ce 2018 da ta zo ta 5 da maki 93. Ya yi shiru, sannan ya ce in turo masa yadda ake lissafin kashi cikin ɗarin nan, na tura masa a daren.